Mu Koyi Adana Guzuri Kafin Mu Shiga Daji



Duk sa'ad da aka ce za a tafi yawon buɗe ido, tambayarmu ita ce me za mu ci. Babu mai tambayar inda za a ajiye abincin. A ganina wannan ce ta fi muhimmanci, kuma tsoro ne ya koya mini.

Bara da kaka na bi babana fadama yankan shinkafa, muka kwana a bukka. Inna ta ƙulle mini bandar kifi da ƙuli-ƙuli a leda, ni kuma na tura ledar ƙarƙashin tabarma, daidai kaina, don kada yayana ya cinye. Cikin dare ɓeraye suka huda ta. Da asuba Baba ya haska tocila, sai ga maciji a bakin bukka. Ya ce mini, "Ɓera ya biyo kifinka, maciji ya biyo ɓera." Allah ya tsare, amma har yau in na tuna gabana yakan faɗi.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Yankari ta Jihar Bauchi, gwaggon biri yakan fizge abinci daga hannun baƙi, domin mutane sun saba masa. A gandun dajin Yosemite na Amurka kuwa, doka ce mai kwana a daji ya kulle abincinsa a mazubin da beyar, wata ƙatuwar dabba mai ƙarfin shinshina, ba ta iya buɗewa.

Wani zai ce ai mu a Haɗeja ba mu da beyar. Gaskiya ne, amma muna da ɓera da tururuwa da maciji, ga kuma zafin da ke lalata abinci.

Don haka ga shawarata. Na farko, mu riƙi busasshen guzuri kamar ƙuli-ƙuli, dabino, aya, soyayyar gyaɗa da garin kwaki, domin shinkafa da miya ba sa jure zafi. Na biyu, a zuba shi a kwano ko roba mai murfi, a rataye a reshe nesa da wurin kwana. Na uku, kowa ya dawo da ledarsa gida, domin akuya ko saniyar da ta haɗiye leda tana iya mutuwa.

Ina roƙon malamanmu, idan za a kai mu dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma kallon tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, a duba jakar kowa kafin mota ta tashi. Rigakafi ya fi magani.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ƙungiyar 'yan jarida.