Mai Neman Rancen Gida Ya Fara Wanke Sunansa

 Wannan magana ce a kan ɗan kasuwar da ya gaji da zaman haya, ya tafi banki neman rancen sayen gidansa na fari, aka duba littafi aka tarar da tsohon bashin da bai biya ba, aka sallame shi hannu wofi. Irin wannan mutum yakan fito yana cewa an zalunce shi, alhali kuwa galibi abin da ya shuka ne ya tsira.

A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, falke ba ya samun lamuni sai mai masaukinsa ya tsaya masa, shi kuwa ba ya tsaya wa wanda ya taɓa cin amana. To, abin da mai masauki ke riƙewa a ka, shi ne aka zuba a littafi. Akwai ofisoshi 3 da Babban Bankin Nijeriya ya ba izinin ajiye labarin masu cin bashi, aka kuma ƙarfafa aikinsu da doka a 2017. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, mutum ba shi da ikon ya ci bashi a Kano sa'an nan ya tafi wani banki a Legas ya zama baƙo.

Malamai sun san jingina ba laifi ba ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, wadda ke biye da ita kuwa ta ambaci jingina. Ya kuma inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cika sulkensa na jingine saboda sha'ir. Abin tsoro shi ne ruwa. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana ba da rance har tsawon shekara 30, amma da ruwa 6 cikin 100. Wanda ke gudun wannan yakan nufi banki marar ruwa, irin Jaiz da ya buɗe a 2012, inda banki ke sayen gida ya sayar masa da ƙarin da aka sani tun farko, ko ya ba shi haya har ya mallaka. Amma fa shi ma wannan bankin littafin nan yake dubawa, domin kuɗin da ke hannunsa amanar jama'a ce.

Nan ne shaiɗan kan nuna gajeriyar hanya, watau a ci rancen da sunan ƙane ko aboki. Lalle wannan ganganci ne. Gidan da aka rubuta da sunan wani, nasa ne a gaban shari'a. In ya mutu, gida ya faɗa cikin gādon 'ya'yansa. In kuwa biya ya gagara, sunan mai taimako ne zai ɓaci, a rasa gida a rasa zumunci. Sauri ya haifi nawa.

Hanyar ƙwarai doguwa ce, amma tana kaiwa. Mutum ya nemi takardar labarinsa daga ofisoshin nan, doka ta ba shi guda kyauta kowace shekara, in ya ga an ɗora masa abin da bai ci ba, yana da ikon neman gyara. Kana ya tafi wurin wanda ke binsa su shirya biya, in ya gama ya karɓi takardar shaida. Ya riƙa bi da cinikinsa ta banki maimakon ɓoyewa a shago, domin a ga shigarsa da fitarsa. Ya tara kafin alƙalami mai kauri. Ya kuma tabbata gidan na da takardar mallaka, don bisa dokar filaye ta 1978 ba a jinginar da irinsa sai da yardar gwamna.

Bankuna su ma da nasu nauyi. Wanda gobarar kasuwa ta karya daban yake da wanda ke da halin biya ya ƙi, Alƙur'ani kuwa ya yi umarni a saurara wa mai ƙunci. Ya kamata a saurari uzurinsa kafin a rufe masa ƙofa.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin kunya shi ne ƙin biya. Ya dace malamai su riƙa tunatar da wannan a zaure kamar yadda suke tsoratarwa game da ruwa. Allah ya sauke wa kowa nauyin da ke kansa, amin.