Jaridun da Suka Mai da Uwaye Mahaukata

Akwai masu cewa jarida madubi ce, abin da ta gani shi take nunawa. Masu wannan magana ba su ji labarin matan Ajantina ba.

A shekara ta 1976 soja suka ƙwace mulkin ƙasar, suka shiga kwashe matasa da dare. Ba shari'a, ba gawa, ba kabari. Ran 30 ga Afrilu 1977 mata 14 suka taru a dandalin Plaza de Mayo, gaban fadar shugaban ƙasa a Buenos Aires, suna tambaya ina 'ya'yansu. 'Yan sanda suka ce an hana taro, su yi gaba. Sai suka shiga kewaya dandalin bibbiyu, kowace Alhamis. Farin kallabin da aka san su da shi ƙunzugun jarirai ne tun asali.

Masu mulki suka sa musu suna mahaukata, manyan jaridu kuwa suka yi gum. Sunan nan ba zagi kaɗai ba ne, dabara ce, gama mahaukaci ba a amsa masa tambaya, kauce masa ake yi. Da uwayen suka so a buga sunayen 'ya'yansu, sai da suka tara kuɗi suka sayi fili a jaridar La Nación, kamar masu tallar sabulu. Ranar da sanarwar ta fito, 10 ga Disamba 1977, aka sace shugabarsu Azucena Villaflor. Kwana biyu kafin nan an kama waɗansu a majami'ar Santa Cruz, inda ake tara kuɗin. Daga jirgin sama aka jefa Azucena cikin teku. Sai a 2005 aka gane ƙasusuwanta.

Shiru ma da sauƙi. A 1979 mujallar mata mai suna Para Ti ta buga hira da Thelma Jara de Cabezas, uwar wani yaro da ya ɓace. Mai karatu ya ga hoton mace cikin kyawawan tufafi, wai tana kuka da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan adam cewa sun yaudare ta. Alhali kuwa a tsare take a hannun sojan ruwa. Su suka fito da ita, suka kai ta aka gyara mata gashi, suka zaunar da ita a gidan shayi, da aka gama suka komar da ita kurkuku. Wane madubi ne ke gyara wa fursuna gashi kafin ya nuna ta? Wannan shaidar zur ce, kuma ga mata aka sayar da ita, a tsakanin shafin girki da na ɗinki.

Za a ce tsoro ne. Hakika an kashe 'yan jarida da dama a shekarun nan. Amma Robert Cox na Buenos Aires Herald ya yi ta buga kukan uwayen har barazana ta kore shi daga ƙasar a 1979. A lokacin gasar ƙwallon duniya ta 1978 ma, 'yan talabijin na Holan ne suka je dandalin suka miƙa wa matan makirufo. Mutanen Turai suka ji muryar da maƙwabtan uwayen ba su taɓa ji a rediyonsu ba.