Sewanee 1899: Jarumtaka ko Cin Gumin Ɗalibai?

Mai karatu, ƙwallon da zan yi magana a kanta ba tamaular da muka sani ba ce. Ta Amurkawa ce, wadda ake runguma a gudu da ita, abokan hamayya kuma su yi ta ƙoƙarin kayar da mai ita ƙasa. A tarihin wannan wasa, da wuya a sami labarin da ake yi wa kirari kamar na ƙungiyar Jami'ar Sewanee ta 1899. Ni kuwa a ganina, abin tsoron da ke cikinsa ya fi abin yabon yawa.

Sewanee ƙaramar jami'a ce a kan tsauni a jihar Tennessee, ɗalibanta a lokacin ba su kai 400 ba. A kakar wasan 1899 ta buga wasa 12, ta cinye duka. Ta tara maki 322, aka ci ta 10 kacal, kuma Auburn kaɗai ta ci waɗannan goman, a wasan da aka tashi 11 da 10. Babban abin al'ajabin shi ne tafiyar watan Nuwamba. Yaran sun yi kimanin kilomita 4,000 a jirgin ƙasa, suka buga wasa biyar cikin kwana shida: Texas ranar 9 ga wata, Texas A&M ranar 10, Tulane ranar 11, suka huta ranar Lahadi, LSU ranar 13, sai Mississippi ranar 14. Babu wadda ta sami ko maki ɗaya a kansu.

To, amma Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Me ya kai ɗalibai wannan wahala? Kuɗi. Wasan Sewanee da maƙwabciyarta Vanderbilt shi ke kawo kuɗin ƙofa mai tsoka, sai ga shi a shekarar ba a yi shi ba saboda saɓani kan rabon kuɗin. Manajan ƙungiyar, Luke Lea, wanda shi ma ɗalibi ne, ya cike giɓin da jera wasanni. Ke nan jikin abokan karatunsa ne ya biya bashin.

Kada a manta yadda wasan yake a zamanin. Hular kare kai ba ta zama dole a wasan jami'o'i ba sai 1939. Ɗan wasa ɗaya shi ke kai hari, shi ke tsaron gida, in kuma aka fitar da shi ba ya komowa. Yaro ya kwana a jirgi da tsamin jiki, gari na wayewa ya sake shiga fili. Ina aji? Ina littafi?

Wani zai ce ai babu wanda ya tilasta musu, kuma sun yi suna. Gaskiya ne. Sai dai saurayi ɗan shekara 20 da ake yi wa kirari ba ya jin ciwo, aikin manya ne su ja masa burki. Sakamakon rashin yin haka ya fito fili a 1905, shekarar da jaridar Chicago Tribune ta ƙirga 'yan wasa 18 da suka mutu. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa, a 1906 kuma aka gyara dokoki, aka kafa hukumar da ta koma NCAA a 1910. Ta fannin kuɗi kuwa, sai a 2021 aka yarda ɗalibi ɗan wasa ya ci moriyar sunansa, a 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan su kai tsaye.

Ita kanta Sewanee ta fice daga gasar manyan jami'o'in kudu maso gabas a 1940, ba tare da ta taɓa cin wasa ko ɗaya a cikinta ba. Yau tana buga wasa a ƙaramin rukunin da ba a ba da tallafin karatu don ƙwallo, kuma ina ganin wannan ya fi dacewa da makaranta.

A yaba wa yaran 1899, sun cancanta. Amma duk makarantar da ta mai da ɗalibinta dokin haya, ko da ta ci kofi, ta faɗi jarrabawar da aka kafa ta dominta.