ZAUREN 'YAN MATA: Wasan Da Ba A Cin Kowa

 

A cikin saƙonnin da kuke aiko wa wannan fili akwai kuka guda ɗaya da ya ƙi ƙarewa, wato kukan kaɗaici. Wannan ta gama jarrabawar WAEC tana zaune a gida wata da watanni, ƙawaye duk sun watse. Waccan amarya ce, an ɗauko ta daga cikin gidan yawa an kai ta garin da ba ta san kowa ba, maigida ya fita tun da sassafe sai bayan isha'i, ko ma ya tafi cin rani. Ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta ɗora tukunya ta sauke, duk da haka azahar ba ta yi ba. To fa, nan ne zuciya take fara saƙe-saƙe. Daga "me ya sa bai kira ba" sai zargi, daga zargi sai a ɗauki waya a shiga hira da wanda bai kamata ba, ko a leƙa maƙwabta a kwaso gulmar da za ta kashe aure. Zaman banza ba ƙaramin abu ba ne, kin ji ko?

Saboda haka yau na ajiye maganar soyayya gefe, na kawo miki wasa. Kar ki yi dariya ki ce girma ya kama ki, ki bari mu kai ƙarshe.

ME YA SA BA A YIN DARA MUTUM ƊAYA?

Mu nan ƙasar Gwandu ba baƙin wasan allo ba ne. Daga Malisa zuwa Kambaza, daga Dalijan zuwa Kalgo, dara sananniya ce: ramuka 30 a ƙasa, jeri 5 sau 6, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinkaye wancan da duwatsu. Kowa ya jera uku a layi ɗaya sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Har wani Bature, R. C. Bell, ya sa ta a littafinsa na wasannin duniya a 1960, ya ce wasan Dakarkari ne, mutanen ƙasar Zuru da ke nan Jihar Kebbi. Zabarmawan Nijar kuwa dili suke ce mata. Mu mata an bar mu da carafke da 'yar gala-gala, sai lido da maciji da tsani, waɗanda asalinsu daga Indiya ne, Turawan Ingila suka mai da su na kwali a ƙarshen ƙarni na 19.

To amma ki gwada yin dara ke kaɗai. Hannun dama ya ɗana tarko, hannun hagu ya riga ya sani, don zuciya ɗaya ce take juya su. Duk wanda ya ci, dara ta ci gida. Lido kuwa in ke kaɗai ce, jefawa kawai kike kina ƙirge, babu dabara babu faɗuwar gaba. Dalili shi ne duk waɗannan wasanni an gina su ne a kan wani ya ci wani. In babu wanin, babu wasa.

WASAN HAƊA KAI

Akwai wani nau'in wasa da ba haka yake ba. Duk 'yan wasa ɓangare ɗaya suke, abokin gābarsu shi ne allon da katinan da aka kife. Ko a ci gaba ɗaya, ko a faɗi gaba ɗaya.

Wanda ya fi suna shi ne Pandemic, na wani Ba'amurke mai suna Matt Leacock, wanda ya fito a 2008. Allonsa taswirar duniya ce mai birane 48, har da Legas da Alƙahira da Khartum. Cututtuka 4 suna yaɗuwa, ku kuma ma'aikatan lafiya ne, wannan likita, wannan mai bincike, kowa da baiwarsa. In yi ya zo kanki kina da aiki 4, bayan nan a buɗe kati a ga biranen da cuta ta ƙara kamawa. In annoba ta ɓarke sau 8 kafin ku gano magungunan nan huɗu, an cinye ku duka. A 2010 ya sake fito da Forbidden Island, inda ake kan wani tsibiri mai yanki 24 da yake nutsewa kaɗan-kaɗan, ana neman dukiya 4 a gudu kafin ruwa ya shanye shi. A 2012 wani mutumin ƙasar Folan, Ignacy Trzewiczek, ya fito da Robinson Crusoe, shi kam tun a jikin kwalinsa an rubuta daga mutum 1 zuwa 4.

Kin ga sirrin? Tun da katinan a kife suke, ke kanki ba ki san abin da zai fito ba. Don haka ko ke kaɗai ce a ɗaki, sai ki riƙe 'yan wasa biyu, ki yi wa wannan ki yi wa waccan, kuma gabanki ya faɗi da gaske duk lokacin da za ki buɗe kati. Mu ma Nijeriya ba a bar mu a baya ba, akwai kamfanin NIBCARD a Abuja da yake ƙera wasannin allo na gida, har ya ci lambar yabo ta Diana Jones a 2021.

Na san abin da za ki ce: "Haba Anti, ina ni ina kayan Turai, ni da nake tarin kuɗin omo?" Gaskiyarki. Shi ya sa za mu yi namu da kwali.

MU YI NAMU: AMBALIYA

Duk 'yar Kebbi ta san ruwa. Ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta shanye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan ana dab da girbi. Wasan namu a kan haka yake, na ɗauko tsarinsa daga wancan na tsibiri na mai da shi irin namu. Babu ƙwayar lido a ciki, babu kuɗi, balle a ce caca.

Ki nemi babban kwali ki zana gida 16, huɗu-huɗu, ki sa musu lamba 1 zuwa 16, daga hagu zuwa dama, jeri bayan jeri. Gida na 1 shi ne tudu inda rumbu yake, ruwa ba ya kai masa. Sauran duk gonaki ne. Ki yanka ƙananan katina 15 ki rubuta 2 zuwa 16, ki ƙara wasu 2 ki rubuta "GULBI YA KAWO". Dukkansu girma ɗaya, kuma ki tabbata ba a gane su ta baya. Ki samo ƙwallon dabino 4, su ne dammunan shinkafa, ki aza su a gida na 8, 11, 14 da 16. Sai wake ɗan kaɗan, shi ne ruwa. Murafen kwalbar lemo su ne 'yan wasa.

'Yan wasan huɗu ne, ki zaɓi biyu in ke kaɗai ce:

Basarkiya mai kwalekwale: ita kaɗai take iya shiga gonar da ta nutse.
Ƙaƙƙarfa: tana ɗaukar dami 2, sauran ɗaya-ɗaya.
Mai ƙwarya: tana kwarfe gona 2 da aiki ɗaya.
Barewa: tana tafiyar gida 2 da aiki ɗaya.

Kafin a fara, ki cakuɗa katinan lamba ki buɗe 4, ki sa ƙwayar wake a kan kowace gonar da ta fito, ki ajiye katinan nan gefe a buɗe. Sannan ki zuba na gulbi biyu cikin sauran, ki cakuɗa ki kife. 'Yan wasa su tsaya a tudu.

Wadda yi ya zo kanta tana da aiki 4, ta zaɓa daga waɗannan yadda ta ga dama: tafiya gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace, kamar dai dara, ɗaukar dami, miƙa dami ga 'yar'uwarta in suna gida ɗaya, ko kwarfe ruwa, wato cire wake daga gonar da take ciki ko wadda take jikinta. Sauke dami a rumbu kyauta ne.

Tana gamawa sai ruwa ya yi nasa. Ki buɗe kati 2. Gonar da ba ta da wake, ki sa mata. Wadda take da wake kuwa ta nutse ke nan, ki rufe ta da ganye ko takarda, ki fitar da katinta daga wasa. In akwai 'yar wasa a kai, ta tsallaka gonar da ke jikinta. In katin gulbi ya fito, ki fitar da shi, ki tattara katinan da ke gefe ki cakuɗa ki ɗora su A SAMAN na kife, sannan ki cika buɗewarki. Daga yi na gaba kati 3 za ki riƙa buɗewa, in na biyun ya fito kuma 4. In katinan kife suka ƙare, ki cakuɗa na gefe ki sake kifewa.

Nan ne daɗin yake. Gonakin da ruwa ya riga ya taɓa su ne za su sake fitowa, saboda haka kin san inda haɗari yake, abin da ba ki sani ba shi ne wacce za ta riga. Kin ci in dammuna huɗu da 'yan wasanki duk sun koma tudu. An cinye ki in gona ta nutse da dami a kanta, ko 'yar wasa ta rasa inda za ta tsallaka, ko hanyar tudu ta yanke.

Ga 'yar satar amsa. Tudu ƙofa biyu gare shi, gida na 2 da na 5. In duka suka nutse kuma ba ki da Basarkiya, shi ke nan, ko da dami yana kanki. Sannan daga tudu zuwa gida na 16 taku 6 ne, kuma kina iya bi ta na 11, don haka wannan tafiya ta Ƙaƙƙarfa ce, ta kwaso biyu a dawowa ɗaya. In wasan ya yi miki tsauri ki sa katin gulbi ɗaya, in ya yi sauƙi ki sa uku. Haka masu Pandemic suke yi, suna sa katin annoba 4 ko 5 ko 6 gwargwadon ƙwarewa.

LADUBBAN MAI WASA ITA KAƊAI

Na farko, kar ki leƙa kati. Wallahi zuciya za ta ce miki "ɗan ɗaga gefensa mana, wa ya gan ki?" In kin leƙa, wa kika cuta? Yarinyar da ta iya riƙe gaskiya a ɗaki ita kaɗai a kan ƙwallon dabino, ita ce za ta iya riƙe ta a ɗakin jarrabawa da kuɗin cefane.

Na biyu, kina iya sake shawara kafin ki buɗe kati, amma da zarar kin buɗe, bakin alƙalami ya bushe. Ba a cewa "da na sani" a mai da wake baya.

Na uku, ki ware shafi a bayan tsohon littafin makaranta ki riƙa rubuta rana, da 'yan wasan da kika zaɓa, da ci ko faɗuwa, da abin da ya kayar da ke. Bayan wasa goma za ki ga halinki a fili. Wata gaggawa ce take kashe ta, ta ruga ɗaukar dami ta manta ƙofa. Wata kuma tsoro, tana ta kwarfe ruwa har gulbi ya kawo ba ta kai ko dami ɗaya ba. To haka rayuwar take.

Na huɗu, wasa yana da lokacinsa. Ba a bar salla ko tuwo a kan wuta ko aikin makaranta saboda kwali ba.

RANAR DA KIKA SAMI ABOKIYA

Amfanin koyo ke kaɗai shi ne ranar da ƙanwarki ko ƙanwar miji ko abokiyar zama ta leƙo ta ce "me kike yi haka?", sai ki miƙa mata murfi ɗaya. Lido sau nawa ya ƙare da "kin yi maguɗi" da kifar da allo? A wannan kuwa babu wadda za ta tashi da haushin wata, gulbi ne ya cinye ku ko ku kuka cinye shi. Ko angon naki in ya dawo da wuri, ki ba shi Mai ƙwarya ki ga yadda zai yi da kwarfar ruwa.

Sai dai ki kiyayi abu ɗaya da masu irin wannan wasa a ko'ina suke kuka da shi, wato uwar iyayi. Tun da kin saba juya mutum biyu ke kaɗai, bakinki zai riƙa ƙaiƙayi: "je nan, ɗauki wancan, a'a ba haka ba." In kin yi haka kin mai da 'yar'uwarki murfin kwalba, gobe ba za ta dawo ba. Ki faɗi shawararki sau ɗaya ki yi shiru, yinta nata ne, ko da za ku nutse.

Kuma 'yar'uwa, kwali abokin hira ne na ɗan lokaci, ba ya maye gurbin mutum. In kaɗaicin ya kai ga ba kya barci, ba kya cin abinci, kuka ba dalili, ki faɗa wa mahaifiyarki ko yayarki ko maigidan, a je asibiti in ta kama. Ciwon da aka ɓoye shi ne yake girma.

Ku gwada, ku aiko mini da sakamako, musamman wadda ta ci da katin gulbi uku ba tare da Basarkiya ba, ina son jin yadda ta yi. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
'Yar mutan Malisa.