Bindiga A Ƙarƙashin Riga: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwar Mayo-Rey Ya Yi

Duk wanda ke cin kasuwannin yankin Mayo-Rey, daga Tcholliré zuwa Tuboro har Mbaibum, kusa da inda iyakokin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗu, ya san akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a rumfuna da tashoshin mota. Maganar kuwa ita ce ta mallakar ƙaramar bindiga, wadda mutum zai soke a ƙugu ya saki babbar riga a kanta saboda ɓacin rana. Ba mu ga laifin mai wannan tunani ba, domin wanda aka taɓa kwantar da shi a kan hanya aka kwashe masa jari, ko aka ɗauke masa ɗa aka ce sai ya sayar da shanu ya fanso shi, ba ya bukatar a yi masa bayanin tsoro. Amma tunda magana ce ta rai da dukiya, ya kamata mu yi mata lissafi irin na kasuwa, mu duba riba mu duba faɗuwa.

Idan ba a manta ba, ta'asar zargina masu tare hanya ce ta sa gwamnati ta kafa wata runduna ta musamman a 1999, wadda ta koma BIR a 2001. Da aka matsa musu a kan tituna, sai da yawansu suka koma satar mutane don kuɗin fansa, musamman 'ya'yan makiyaya, kamar yadda Farfesa Saibou Issa na Jami'ar Marwa ya nuna a bincikensa. Yaƙe-yaƙen Cadi da na Afirka ta Tsakiya, musamman rikicin 2013, sun ƙara malalo makamai cikin dazuzzukanmu. A 2012 ma mahaya dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi sun shigo gandun dajin Buba Njidda, a nan cikin Mayo-Rey, suka kashe ɗaruruwan giwaye. Da irin waɗannan mutane ne mai ƙaramar bindiga yake tunanin zai yi fito-na-fito.

Mu fara da doka. A ranar 14 ga Disamba, 2016 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2016/015, wadda ta tsara sha'anin makamai da harsasai a Kamaru. Ta kasa makamai gida 8. Gida na 4 shi ne na bindigogin kare kai, na 5 kuma na bindigogin farauta, kuma duka biyun sai da izinin Ministan Mulkin Cikin Gida ake mallakarsu. Takardar izinin da sunan mutum ɗaya take fita, saboda haka ba a aron ta, ɗa kuma ba ya ci gaba da riƙe bindigar mahaifinsa da takardar marigayin. Wanda ya sayi bindiga a bayan fage, daga hannun wani da ya tsallako da ita, ya sani cewa ya sayi ɗauri da kuɗinsa, kuma bai san ran wa aka taɓa ɗauka da ita ba. A watan Afrilu na 2018, Minista Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a jihohi 6, ciki har da maƙwabciyarmu Adamawa, bisa hujjar cewa makaman da ke hannun jama'a sun zarce yawan izinin da aka bayar nesa ba kusa ba. Wannan ya isa ya nuna mana irin idon da hukuma take kallon lamarin da shi.

Bugu da ƙari, ko mai takarda ba a sakar masa mara ya yi yadda ya ga dama ba. Sashe na 238 na dokar hukunta laifuka ya tanadi hukunci ga wanda ya ɗauki makami a wurin da jama'a ke taruwa ta yadda zai tayar da hankali ko ya tsorata wani, ko da kuwa yana da izini. To ina ya kai kasuwa taruwar jama'a? Ke nan wanda gardamar bashi ta haɗa shi da abokin ciniki, ya ɗaga gefen riga don a ga abin da ke ƙugunsa, ya riga ya faɗa hannun jandarma tun bai taɓa kunama ba.

Sai kuma batun iyaka, wanda shi ya fi shafar mu. Izinin Kamaru a iyakar Kamaru yake ƙarewa. Ɗan kasuwar da ya tashi daga Garwa ya nufi Yola da ƙaramar bindiga ya shiga ƙarƙashin dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda ta sa irin wannan bindiga cikin jerin haramtattun makamai da sai shugaban ƙasa ne ke ba da lasisinsu, hukuncin riƙe ta ba izini kuwa ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ko a watan Yuni na 2022, lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, 'yan sanda sun fito sun ce ba a ɗage takunkumin ba da lasisi ba. Ta ɓangaren Cadi da Afirka ta Tsakiya kuwa, akwai yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda ta fara aiki a 2017, da ta ɗora wa ƙasashen yankin nauyin sa ido a kan zirga-zirgar ƙananan makamai. Idan jami'in duwan ya zaro bindiga daga cikin buhun kaya, ba tarar fito za a yi magana ba, sunan mai safarar makamai za a liƙa wa mutum, kaya da mota kuma su kwana a hannun hukuma.

Mu ɗauka ma mutum ya bi hanya ya samu takarda. Abin tambaya a nan shi ne, a ina zai koyi harbi? Masu kawo misali da Amurka suna cewa can kowa na yawo da bindigarsa, kuma gaskiya ne Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar a 2022 cewa ɗaukar bindiga a waje don kare kai haƙƙi ne. Abin da ba a faɗa shi ne irin tsananin ƙa'idar filayen koyon harbi na can. Wanda ya shigo da bindiga a ɓoye a jikinsa ba ya zaro ta daga kube sai ya isa layin harbi, bakinta na fuskantar allon saiti. Akwai jami'i mai kula da fili, da zarar ya ce a tsaya, kowa zai cire harsashi, ya ajiye bindiga a buɗe, ya ja da baya, ba mai sake taɓa ta har sai waɗanda suka je duba allo sun dawo. Filaye da yawa ma ba sa barin mutum ya gwada zarowa daga ƙugu sai sun tabbatar ya ƙware, domin wajen zarowa da mayarwa ne mutane kan harbi cinyarsu. Wanda ya karya ƙa'ida kuwa, kora ce.

Ba sai mun je Amurka ba. A sansanonin farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da Buba Njidda, inda Turawa ke zuwa da rani, al'adar sana'ar ita ce baƙo ya gwada bindigarsa a kan allo a gaban jagoransa kafin a shiga daji, kome daɗewarsa yana harbi. Ƙa'idojin da ake bi a ko'ina guda 4 ne: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar halakawa ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an saita, sannan a san abin da za a harba da abin da ke bayansa. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi a wurinmu, domin harsashin ƙaramar bindiga yana iya tafiyar fiye da kilomita 1, zana da rumfar kwano kuma ba sa tare shi. Wannan ladabi ba baƙo ba ne gare mu. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai ratsa kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani, ya kuma hana nuna wa ɗan'uwa makami. To ɗan kasuwar da bai taɓa harba harsashi 10 a gaban malami ba, yaya zai kiyaye waɗannan a ranar da hannunsa ke rawa?

Yanzu mu zo ranar da ake tsoro. Masu tare hanya ba sa zuwa ɗai-ɗai, su ne ke zaɓen wuri da lokaci, kuma suna riƙe da Kalashnikov mai cin harsashi 30, wadda ke samun mutum daga mita 300. Ƙaramar bindiga kuwa, ko a hannun gwani, da wuya ta yi aiki bayan mita 50. Harbi ɗaya daga cikin motar haya ya isa ya sa a buɗe wa motar wuta gaba ɗaya, da mata da yara da direba. Idan kuma suka laluba mutum suka same ta, za su ɗauke shi ɗan leƙen asirin soja, bindigar kuma ta ƙaru a cikin nasu. A gida ma tana da nata haɗarin, inda yara ke lalube a ƙarƙashin katifa.

Ba muna cewa a naɗe hannu ba ne. Abin da ya fi rage asara shi ne rage tsabar kuɗi a jiki, ta hanyar banki ko Orange Money da MTN MoMo, da tafiya cikin ayari da rana, da neman rakiyar jami'an tsaro ranakun manyan kasuwanni, da kuma kama baki game da ranar tafiya da yawan cinikin da aka yi, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun san waɗannan ba sa maganin satar mutane a ruga, can kam aikin hukuma ne da 'yan sintiri da sarakuna, kuma tilas labari ya riƙa isa gare su da wuri ba tare da an tona asirin wanda ya kai ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin Tcholliré da na Garwa su zauna da shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan tasha, su bayyana dokar 2016 da Hausa da Fulatanci, su kuma duba yadda duk wanda aka ba izini zai samu horo a hannun ƙwararru kafin a damƙa masa takarda. Mu kuma 'yan kasuwa, kada tsoron ɓarawo ya kai mu gidan yari, ko ya sa mu ɗauki alhakin ran maƙwabcin rumfa. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, amin.