Lambun Gida: Dashen Furanjifani Daga Reshe

A wannan wata za mu yi magana a kan wani itacen ado wanda kusan kowa ya san shi da ido, ko da bai san sunansa ba. Shi ne wanda ake gani a harabar tsofaffin asibitoci da makarantu da majami'u, mai kakkauran rassa masu ruwan toka, da fure mai kunne biyar, fari da rawaya a tsakiya, wani kuma ja. Turawa suna ce da shi furanjifani. Da hunturu yakan zubar da ganyensa ƙaf, har baƙo ya yi tsammani ya mutu. Da bazara ta kama kuwa, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ya ɓarke da fure, sau da yawa tun ganye bai dawo ba.

Asalinsa daga ƙasar Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan. Masana suna kiransa Plumeria don tunawa da Charles Plumier, wani Bafaranshe masanin tsire-tsire wanda ya rasu a 1704. Amma yana da dangi a nan wurinmu, gama shi da kariya da tumfafiya duk zuriya ɗaya ne. Shi ya sa in an yanke shi yakan fid da farin ruwa kamar nonon tumfafiya. Ƙamshinsa ya fi tashi da dare, domin ƙwarin dare yake kira su zo su yi masa barbara. Wanda yake da shi kusa da inda iyali suke shan iska da maraice ya san abin da muke nufi.

To, kafa reshe a ƙasa ya kama ba baƙon abu ba ne gare mu. Haka ake yin shingen dashi, haka ake dasa cediya a ƙofar gida, haka kuma rogo. Duk da haka mutane da yawa sukan roƙi reshen furanjifani wurin maƙwabci, su kawo gida da murna, su dasa nan take, su riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Bayan mako uku sai su tarar gindin ya yi baƙi, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar ayaba. Sai a ce ƙasar gidan ce ba ta karɓe shi ba, ko a ce hannun mai dashen ne. Ba ƙasa ba ce, ba hannu ba ne. Ruwa ne ya kashe shi.

Ga dalili. Reshen wannan itace cike yake da ruwa da abinci, kamar rumbu bayan kaka. Yana iya yin makonni a ajiye bai mutu ba. Ba shi da saiwar da zai sha ruwan da kuke zuba masa, ga kuma ɗanyen rauni a gindinsa inda aka yanka. In wannan rauni ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙwayoyin ruɓa sukan shiga ta nan, su bi cikin reshen su hau sama. Saboda haka aikin mai dashe na fari shi ne ya bar raunin ya warke tukuna.

Lokacin yanka shi ne ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, sa'ad da itacen ba shi da ganye, ƙasa kuma ta fara ɗumi. A wurare kamar Jos da Kafanchan, inda ruwa yakan sauka a watan Afrilu, a yanka a Fabrairu ko farkon Maris. A Kano da Katsina da Maraɗi, inda damina ba ta zama sosai sai Yuni, ana iya jinkirtawa har Afrilu. Abin da muke so shi ne reshen ya riga ya yi saiwa kafin ruwan Yuli da Agusta ya jiƙe ƙasa sharkaf. Tsakiyar hunturu kuwa sanyi yakan hana saiwa fitowa, reshen ya zauna kurum.

Ku zaɓi reshe lafiyayye wanda ya ƙosa, fatarsa ta koma ruwan toka. Kore shar mai taushi ya fi saurin ruɓa. Tsawonsa ya kai santimita 30 zuwa 45, watau kamar kamu ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. A yanka da wuƙa mai kaifi mai tsabta, kada a karya da hannu, gama karyayyen baki ba ya warkewa daidai. In da sauran ganye a jikinsa, a yanke su. In ya fara fid da kan fure, mu dai shawararmu a cire shi, ko da yake mun san da wuya mutum ya yarda.

A nan sai mu ja kunnen iyaye. Farin ruwan nan yana sa ƙaiƙayi a fata, in ya shiga ido kuwa yana da zafi ƙwarai, kuma ba abin kai wa baki ba ne. Yara suna son tsinkar furen su yi wasa da shi. Kada a ba su aikin riƙe reshen da aka yanka yanzu. In ya faɗa wa wani a ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa nan da nan, in zafin bai lafa ba a tafi asibiti. Mai yankan ma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska ko abinci.

Sa'an nan a jingine reshen a inuwa, wurin da iska take ratsawa kuma ruwa ba ya taɓawa, kamar cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa. A bar shi mako ɗaya zuwa biyu. Za ku ga bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Fatar reshen tana iya ɗan yanƙwanewa, wannan ba kome. Wannan jira shi ne ya fi yi wa mutane wuya, domin suna ganin kamar sun yar da abin da aka ba su. Lalle ba a yar da shi ba, warkewa yake yi.

Ƙasar da yake so ita ce wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. A haɗa yashi mai tsakuwa-tsakuwa kashi 2 da ƙasar lambu kashi 1. Laka da ƙasar fadama ba su dace ba, ɗanyen taki kuma a ajiye shi sai gaba. Tsohon bokiti ko tukunyar ƙasa sun isa, muddin an huda gindinsu sosai. A binne gindin reshen kamar santimita 8 zuwa 10 kawai, a danna ƙasa kewaye da shi, a kafa sanda a ɗaure shi don kada iska ko akuya ta girgiza shi. Akwai hodar sa saiwa da ake sayarwa a wasu shagunan kayan gona. In an samu, to. In ba a samu ba, wannan itace yana kamawa ba tare da ita ba.

A ba shi ruwa sau ɗaya ran da aka dasa, daga nan a janye hannu. A ajiye shi inda yake samun hasken safe, amma a kāre tukunyar daga ranar tsaka ta watan Afrilu, wadda takan gasa ƙasa. In ƙasar ta bushe ƙurmus har fatar reshen ta yanƙwane da yawa, a ɗan yayyafa kaɗan a gefe. Ban da haka sai jira, mako 4 zuwa 8, wani lokaci fiye. Mai farin fure da mai rawaya sun fi saurin kamawa, mai ja yakan ja rai.

Kada a tumɓuke shi don a duba ko ya yi saiwa, gama sababbin saiwoyinsa suna karyewa da taɓawa kaɗan. Kada kuma fure ya ruɗe ku: reshe yana iya yin fure da abincin da ya taho da shi alhali ba shi da saiwa ko ɗaya. Alamar da za a amince da ita ita ce ganye biyu ko uku da suka buɗe sosai. Daga nan ne za a fara ban ruwa, shi ma sai ƙasa ta bushe tsakanin wannan da wancan. In kuwa kun matsa gindin da yatsa kun ji laushi, ku cire shi, ku yanke ruɓaɓɓen wurin har ku kai inda cikin yake fari tas, ku sake shanya shi. Sau da yawa yakan tsira.

Wani zai ce, me ya hana a shuka iri? Itacen yakan yi kwanso biyu a haɗe kamar ƙahonin sa, irin kuma yana tsirowa. Amma na iri yakan yi shekara 3 ko fiye kafin ya yi fure, kuma ba tabbas launinsa ya zama na uwar. Na reshe yakan yi fure cikin shekara ɗaya ko biyu, da launi da ƙamshi irin na itacen da aka yanko shi.

Sa'ad da ya yi ƙarfi za a mai da shi ƙasa, a fitar da shi tare da ƙasar tukunyarsa gaba ɗaya. A zaɓi wuri mai rana, mai ɗan tudu, nesa da bakin rijiya da inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. A bar masa kamar mita 3 daga bango, domin in ya girma yakan kai mita 6 ko 7, yana kuma buɗe rassa. Da damina kuna iya ganin wata hoda mai ruwan lemo a bayan ganyen. Cutar tsatsa ce, takan sa ganye ya zube da wuri amma ba ta cika kashe itacen ba. A share ganyen da ya zube a ƙone, kada a zuba shi cikin ramin taki.