Gaggawar modem ke ɓatar da takardar faks

Har yanzu akwai ma'aikatu da gidajen kasuwanci waɗanda ba su yarda da takarda sai ta zo ta faks, ɗauke da sa hannu da hatimi. Masu aikawa da dama kuwa sun bar tsohuwar na'ura, sun koma ga kwamfuta da modem. In takarda ta maƙale a hanya, nan da nan sai a ɗora wa layin talho laifi. Sau tari alhakin yana wuyan wanda ya daidaita modem ɗin ne.

Tun shekarar 1980 hukumar sadarwa ta duniya mai zama a Janeba ta tsai da ƙa'idar faks ta rukuni na 3. Mai kira yana sakin ƙara ta hertz 1100, mai amsa ta 2100, sa'an nan su shirya kan gudun da za su yi. Gwajin layin da suke yi bai wuce daƙiƙa ɗaya da rabi ba. A nan gizo ke saƙa. Layi mai ƙugi yana iya cin wannan ɗan gwaji a gudun bit 14400 a daƙiƙa, amma ya gaza a tsakiyar shafi, takarda ta iso rabi, ko a sake kira har sau uku, kuɗin talho na ƙaruwa. Mai hankali ya tsai da modem ɗinsa a 9600, in hanyar ta yi muni ya sauka 4800. Jinkirin ƴan daƙiƙoƙi ne a kowane shafi. Sauri kuwa, an ce, ya haifi nawa.

Akwai kuma zancen aji. A aji na 1 kwamfuta ce ke riƙe da ragamar aikin, saboda haka in an ɗora mata wasu ayyuka masu nauyi sai kira ya yanke. A aji na 2 modem ke ɗaukar yawancin nauyin. Umarnin AT+FCLASS=? yana sa modem ya faɗi azuzuwan da ya iya, kuma tambayar ta fi ƙiyasi. Inda kiran talho ke bi ta intanet kuwa, sai a tabbatar kayan sun san ƙa'idar T.38 ta shekarar 1998, don faks ba ta jure ɓacewar murya ko ta ƙiftawar ido.

Abin da ya fi ban takaici shi ne sakacin da ba ya buƙatar gwani. A biro mai matattarar layuka, a manta da lambar fita waje da waƙafin da ke sa modem ya dakata kafin ya ci gaba da bugawa. A bar gurbin lambar mai aikawa fayau. A kashe kwamfuta da la'asar, alhali kwamfuta a kashe ba ta karɓar komi, kuma mai aikawa bai san dalili ba.

Sai agogo. Ɗan kasuwar da ya aika takardar neman kwangila a ranar ƙarshe ba ya da shaida sai rahoton isarwa, wanda ke ɗauke da rana da sa'a daga agogon kwamfutarsa. In agogon ya karkace, shaidar ta koma kansa. Ya kamata shugaban kowane biro ya sa a rubuta waɗannan daidaitawa a takarda, a liƙa kusa da kwamfutar, don ranar da ma'aikacin da ya san kanta ya tafi hutu.